ILMIN UNGOZOMA DA AIKIN JIYYA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan takarda domin Hakiman ƙasar Katsina da Malamansu, don a bayyana musu irin karatun da a ke ba 'yan mata masu koyon aikin nas da na ungozoma, da kuma rabon aikin da ya faɗo a kan masu riƙe da ƙasa. Gwamnati ita ke gina makaranta, ta ɗauki malamai, ta biya albashi. Amma samo yarinyar da za a horar, da buɗe mata ƙofofin gidaje bayan ta ƙare karatu, waɗannan biyu suna hannun Hakimi da Dagatansa da Masu-unguwa. In suka yi sakaci da su, ginin makaranta da albashi duk sun zama aikin banza.

HALIN DA A KE CIKI

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna cewa a kowace haihuwa 100,000 mata wajen 512 su ke rasuwa ta dalilin ciki ko haihuwa. Ya kuma nuna cewa haihuwa 43 kaɗai cikin 100 a ke yi a hannun wanda ya yi karatun aikin, watau likita ko nas ko ungozomar asibiti. A jihohin Arewa maso Yamma, inda Katsina ta ke, adadin bai ko kusa da haka ba.

Wani zai ce nisan asibiti ne ya jawo wannan. Nisa yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. A duba Ƙofar Marusa, ɗaya daga ƙofofin ganuwar Katsina ta wajen gabas, wadda ta ci sunan sarautar Marusa. Unguwannin da ke cikinta da waɗanda suka tashi a bayanta duk cikin gari su ke, daga nan zuwa Babban Asibitin Katsina tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Duk da haka, a can ma, kamar sauran unguwannin birni, a kan sami mace ta kwana ta wuni tana naƙuda a ɗaki. Ko dai maigida ya yi tafiya ba wanda zai ba da izini, ko ciki na fari ne kunya ta hana ta faɗa, ko kuwa tsofaffin gida sun ce a ƙara haƙuri. To, in haka ta ke faruwa a inda a ke hango asibiti, ina ga ƙauyen da rafi ke raba shi da hanya da damina?

Masana sun kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa kashi uku. Na farko jinkirin yanke shawara a gida. Na biyu jinkirin hanya. Na uku jinkirin samun magani bayan an isa asibiti. Ungozoma mai ilmi, wadda ke zaune cikin mutane kuma suka amince da ita, tana rage dukansu uku.

ASALIN WANNAN ILMI A ƘASAR NAN

A cikin 1930 aka kafa dokar ungozomomi a Nijeriya, tare da hukumar da za ta riƙa yi musu jarrabawa tana rubuta sunayensu. Cikin 1947 aka kafa irinta domin nas-nas. Makarantar nas ta Asibitin Koyarwa na Ibadan ta buɗe cikin 1952, Jami'ar Ibadan kuma ta soma ba da digirin aikin jiyya cikin 1965. Sa'an nan cikin 1979 aka haɗe hukumomin nan biyu suka zama Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya. Ita ce har yanzu ke tsara karatun, ta duba makarantu, ta yi jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasin. Duk wadda ba ta da lasin nan ba ta da ikon kiran kanta ungozomar asibiti, kome farin tufafinta.

Arewa ta shiga wannan aiki a baya, dalili kuwa sananne ne: ba a iya horar da yarinyar da ba ta yi makaranta ba. A zamanin En'e yawancin ma'aikatan asibiti da na disfensare maza ne, matan da a ke da su kuwa galibi baƙi ne, matan aure da ke cikin kulle ba su sakin jiki da su. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan farko da suka yarda aka buɗe makarantar 'yan mata a garinsu, wajen 1930. Abin da ya hango a wancan lokaci shi ne tushen maganar yau: asibitin mata ba ya tsayuwa sai da mata masu ilmi.

INDA A KE KARATU DA SHARUƊƊAN SHIGA

Jihar Katsina tana da makarantar nas a cikin birnin Katsina, da makarantar ungozoma a Malumfashi. Akwai kuma makarantun koyon aikin lafiya a Kankiya da Daura, inda a ke horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Ɗalibai su kan yi aikin gwaji a manyan asibitoci, irin su Babban Asibitin Katsina da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, a kan kuma tura su ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka.

Hanyoyin karatun su ne waɗannan. Karatun nas shekara 3 ne. Karatun ungozoma ga wadda ta fito daga sakandare shi ma shekara 3 ne. Nas ɗin da ta riga ta sami lasin, in tana son ta ƙara da ungozomanci, sai ta yi wata 18. Akwai ungozomar karkara, mai karatun shekara 2, wadda a ke ɗauko ta daga yankinta bisa alkawarin za ta koma can ta yi aiki. A jami'a kuwa digirin aikin jiyya shekara 5 ne. An kuma soma mai da makarantun nan kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babba.

Sharaɗin shiga babban karatun shi ne yarinya ta ci darussa biyar da kyau a jarrabawar ƙare sakandare, watau Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Nan ne 'yan matan karkara su ke faɗuwa, don makarantunsu da yawa ba su da malaman kimiyya. Saboda haka daga 2012 zuwa 2020 wani shiri da Gwamnatin Ingila ta tallafa ya yi aiki a Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe, ya kawo ajin share fage. A kan ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka da yardar iyayensu da mazansu da shugabanninsu, a koya musu kimiyya da Turanci har su cika sharaɗi. Wannan ya tabbatar da cewa 'yar ƙauye ba basira ta rasa ba, dama ta rasa.

ABIN DA A KE KOYA GAME DA MAI CIKI

Ɗaliba ta kan fara da sanin ginin jikin mutum, da tsabta, da yadda ƙwayoyin cuta su ke yaɗuwa, da ƙa'idar ba da magani. Bayan haka ta shiga ilmin awon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 2016 cewa mai ciki ta sadu da ma'aikaciyar lafiya sau 8 kafin ta haihu, na farko tun ciki bai wuce wata 3 ba.

Awo ba shafa ciki ba ne kurum. Ana koya wa ɗaliba ta auna bugun jini, in ya kai 140 bisa 90 ta san akwai haɗari, balle in ya zo da ciwon kai da kumburin fuska da gani dishi-dishi, domin waɗannan su ne masu gabatar jijjiga. Ana koya mata ta duba fitsari, ta duba ƙarancin jini, ta gane kwanciyar ɗa, ko daidai ya ke ko a gicciye, ta saurari bugun zuciyarsa. Ita ke ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro irin su Fansidar, wanda a ke somawa bayan wata ukun farko, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Ita ke yin allurar rigakafin ciwon nan mai sarƙe haƙora, wanda ke kama jarirai ta cibiya.

Babban amfanin awo shi ne a ware masu haɗari tun da wuri: ƙaramar yarinya mai cikin fari, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, da mai tagwaye, da wadda aka taɓa yi wa fiɗa, da wadda ta taɓa zubar da jini. Irin waɗannan a kan gaya musu tun ciki yana ƙarami cewa a babban asibiti za su haihu, don iyali su yi tanadi.

ABIN DA A KE KOYA GAME DA NAƘUDA

Kafin a ba ɗaliba izinin zama jarrabawar ƙarshe, tilas ta karɓi haihuwa da hannunta, adadin da Majalisa ta ƙayyade, a gaban malamarta, a rubuta kowace ɗaya cikin littafi a sa hannu. Tana koyon cika takardar lura da naƙuda, inda a ke zana buɗewar mahaifa da saukowar ɗa bisa sa'o'i. Da zanen ya kauce wa layinsa, ta san lokacin aikawa ga likita ya yi, tun uwa tana da sauran ƙarfi. Ƙa'idar da ya kamata kowane gida ya riƙe ita ce, naƙudar da ta wuce sa'a 12, watau daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba ta gida ba ce.

Zubar jini bayan haihuwa shi ya fi kome kashe mata, kuma yana iya kashewa cikin sa'a 2. An koya wa ungozoma ta yi allurar oksitosin da zarar ɗa ya faɗo, don mahaifa ta tsuke, inda babu allurar kuwa ta ba da ƙwayar misofirostol. Tana duba mabiyiya ta tabbatar ta fita duka. In jinin ya kai rabin lita ta san ya wuce kima, sai ta murza mahaifa, ta ɗaura ruwa, ta aika. In jijjiga ta kama mace, akwai allurar magnesiyam salfet da ta ke yi mata kafin a ɗauke ta. Jijjiga ciwo ne na hawan jini, ba aikin iska ba ne, hayaƙi da turare ba su kwantar da ita.

Wani sashe na ilmin shi ne sanin iyaka. Ungozoma ba ta yin fiɗa, ba ta kuma riƙe abin da ya fi ƙarfinta. In ta ce a tafi babban asibiti, ba kasawa ta yi ba, aikinta ke nan.

ABIN DA A KE KOYA GAME DA JARIRI DA IYALI

Kashi uku cikin huɗu na jariran da ke mutuwa a watan farko, cikin makon farko su ke mutuwa, watau kafin suna. Don haka ana horar da ɗaliba a kan mintin farko na rayuwa. Jaririn da bai yi kuka ba, ta goge shi, ta shafa bayansa, in bai yi numfashi ba ta hura masa iska da 'yar jakar roba. Jarirai da yawa da a dā a kan ce sun zo babu rai, da wannan a ke ceto su.

Tana tsane jariri ta ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a jinkirta wanka har kwana ɗaya don kada sanyi ya kama shi. Tana yanke cibiya da tsabtataccen ƙarfe, ta shafa maganin kuloheksidin, ta hana sa toka ko man goge haƙori ko wani abu. Tana sa a ba shi nono cikin sa'ar farko. Dakashi, watau nonon farko mai kauri da a kan matse a zubar, shi ne rigakafin farko na jariri. Nono zalla ya ishe shi har wata 6, ko ruwa ba ya bukata. Jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba a kan ɗaure shi a ƙirjin uwa, fata da fata, dare da rana. Wannan dabara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara ta cikin 1978, a asibitin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi ƙaranci, ga shi kuwa ba ta bukatar lantarki.

Aikin ungozoma ba ya ƙarewa a ɗakin haihuwa. An tsara a duba mai jego da ɗanta a ranar farko, da rana ta 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na 6. Biyun ƙarshe sun yi daidai da suna da arba'in, don haka riƙe su ba wuya. A waɗannan ziyarce-ziyarce ta ke duba shawara a idon jariri, da cibiya, da zazzaɓin uwa, ta tuna musu allurar rigakafi, ta kuma yi bayanin hutun shekara 2 kafin wani ciki, wanda ya dace da lokacin yaye da aka saba.

Ana kuma koya mata magana da maigida da uwar miji, domin su ke da faɗa a ji. Wankan jego ba a hana shi ba, amma likitocin Zariya sun gano tun shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa da tsananin zafin ruwa da kwanciya a gadon wuta suna tafiya tare da ciwon zuciya da kumburi ga masu jego. Yankan gishiri da cire beli kuwa suna jawo zubar jini da shigar cuta. Baƙuwa in ta faɗi wannan sai a ce ba ta san al'ada ba. 'Yar gari in ta faɗa, cikin ladabi da harshen gida, a kan saurara.

SHAIDA DAGA ZARIYA DA BABBAR RUGA

Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka buga sakamakon cikin 1985. Sun tarar cewa mutuwa a cikin matan da aka kawo a gigice, ba su taɓa zuwa awo ba, ta ninka ta masu awo sau da yawa. Sun kuma tarar cewa matan da suka yi makaranta sun fi tsira, su da 'ya'yansu.

Shaida ta biyu tana nan kusa da birni. A asibitin Babbar Ruga wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin masu yoyon fitsari cikin 1984, wurin kuwa ya zama cibiyar wannan aiki ta ƙasa. Yawancin yoyon fitsari doguwar naƙuda ke kawo shi: kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara har naman ya mutu ya huje. Galibi ɗan ya kan mutu, uwar kuma sau da yawa aurenta ya mutu. Da an sami mai ilmi a kusa wadda za ta ƙirga sa'o'i ta ce a tashi, da yawancinsu ba su kai ga wannan gado ba.

MATSAYIN UNGOZOMAR GARGAJIYA

Ba a nufin a wulaƙanta tsofaffin ungozomomi. Su suka san kowane gida, su a ke fara kira. Amma bisa al'ada aikinsu yanke cibiya ne da wanka da binne mabiyiya, ba su da allurar tsai da jini, ba su da abin auna bugun jini. Matsayin da ya dace da su shi ne su zama idon unguwa: su gano mai ciki, su raka ta awo, su raka ta haihuwa, su ci gaba da hidimar jego. Hakimi ya lura kada wadda ta raka mace asibiti ta rasa ɗan alherin da ta saba samu, don in rakiya ta zama hasara gare ta, ba za ta sake ba.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Cikin 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Hakimai da Dagatai suka bi gida gida a kan rigakafin shan-inna, har cikin Agusta 2020 aka shaida cewa ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Afirka. Irin wannan himma a ke nema a nan.

1. Kowane Hakimi ya sa Dagatai su kawo masa sunayen 'yan matan ƙasarsa da ke ajin kimiyya a sakandare, ya kira iyayensu ya ƙarfafa su. Inda aure ya zo kafin ƙare karatu, a nemi ci gaba da karatun ya shiga cikin sharuɗɗan da iyaye za su yi da miji.

2. In an buɗe ɗaukar ɗalibai, a yi shela a kasuwanni da masallatan Juma'a. Takardar shaidar zama 'yar ƙasa kada a ba wadda ba 'yar yankin ba, domin gurbin ungozomar karkara na ƙauyen ne, in ya tafi ga wadda ba za ta zauna ba, ƙauyen ne ya yi hasara.

3. Ungozomar da aka turo, 'yar gari ce ko baƙuwa, a sama mata masauki mai tsaro kusa da asibiti, a gabatar da ita ga Liman da Masu-unguwa. Cikin 2009 Gwamnatin Tarayya ta fara tura ungozomomi karkara, rashin masauki da jinkirin alawus suna cikin abubuwan da suka sa waɗansu barin wuraren aikinsu.

4. A gargaɗi magidanta su bar izini a gida tun ciki yana wata 7, cewa ko ba su nan a kai matar asibiti, su kuma ajiye kuɗin mota.

5. Kowane gari ya san direban da za a tasa da dare. Ƙungiyar direbobin mota ta ƙasa ta riga ta yi irin wannan aikin taimako a Katsina da maƙwabtanta.

6. A ƙarfafa maza su ba da jini. Mai lafiya da ya ba da leda ɗaya, jikinsa ya kan mayar da ita ba da daɗewa ba.

AIKIN MALAMAN HAKIMAI

A dā Malamin Hakimi ya san adadin masu haraji da shanun jangali na kowane gari. Irin wannan kiyayewa a ke so ya yi wa rayuka. Ya buɗe littafi mai gida huɗu: haihuwa, da inda aka yi ta, da wanda ya karɓa, macen da ta rasu da ciki ko cikin kwana 42 bayan haihuwa, jaririn da ya rasu cikin kwana 28, da 'yan matan ƙasar da ke karatun nas ko ungozoma, da shekarar da za su ƙare. Masu-unguwa su kawo labari kowane mako, a aika jimla ga sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma kowane wata, a kuma tura iyaye ofishin Hukumar Ƙidaya don takardar haihuwa. Ba a rubuta wannan don a kama kowa da laifi ba. Amfaninsa shi ne, in Hakimi ya tafi neman ungozoma ko gyaran hanya, ya tafi da lissafi a hannu.

Horar da ungozoma ɗaya yana cin shekara 2 ko 3, bayan shekara 12 na firamare da sakandare. Yarinyar da aka bari ta ci gaba da karatu bana, ita za ta karɓi haihuwar jikokin masu karanta wannan takarda. Ana roƙon kowane Hakimi ya sa a karanta ta a gaban Dagatai da Limamai a zaman majalisarsa na gaba, Malaminsa kuma ya rubuta abin da aka zartar.